Ɗan Aiken da Ya Zauna a Hanya

Ranar Laraba Cima ta kawo ta a bayan kabu-kabu,
naɗe da zane kamar jinjiri mai zazzaɓi.
Ta ce, "Mutari, ga ta nan kuma.
Ina tsakiyar buga wa wani takardar neman aiki,
na kai kan 'ina mai farin cikin', sai ta ƙame.
Na danna, na roƙa, na yi salati.
Mutumin ya karɓi dala arba'in ɗinsa ya wuce."

Na ajiye kwamfutar tsakanin gawar firinta biyu
da shayin da ya huce.
Waje Kasuwar Dole na ta hayaniyarta,
kuran ya ɗauke, ya dawo, bai ce wa kowa gafara ba.

Na fara da wanda kowa ke zargi:
ƙwayar cuta. Na tankaɗe, ban ga ko ƙuma ba.
Na zare sandunan ram, na goge musu haƙora, na maida.
Minti ashirin tana wasa da ni,
sannan cak.
Ƴar fitilar faifai ja wur, ta ƙi ƙiftawa,
kamar idon rago a faranti.

Na ce to faifai ne.
Na aro wani wajen Sanusi na Zango,
sabo fil a leda, jaka sha takwas in na riƙe.
Na ɗaura. La'asar ta yi. Ta ƙame.
Na mayar masa da kayansa, da haƙuri, da goro biyu.

Bayan isha'i na buɗe littafin da inji ke rubuta wa kansa,
inda yake zuba ƙorafin da ba ya faɗa wa kowa.
Layi ɗaya, sau ɗari da ɗoriya:
an aika, ba amsa,
an sake aikawa.

Ashe rumbu lafiya lau, hatsi maƙil,
ko gara ba ta leƙa ba.
Mai tsaron ƙofa ne,
wani baƙin guntu a jikin babban allo, bai kai ƙwayar gujiya ba,
shi ke karɓar saƙo, ya auno, ya miƙo.
Na ɗora yatsa kansa, na janye:
duwatsun Birni da azahar.

Sai na tuna Baba a tabarmarsa can Garin Malam,
shekara biyu tun da jinin ya hau.
Yakan fara, "Mutari, miƙo mini..."
ya tsaya, baki buɗe, ido a kan abin.
Kalmar na nan ciki, na sani,
mutumin da ya san sunan kowane jaki a unguwa
da na mai shi.
Ɗan aiken ne ya zauna a hanya.
Shi kuma ba maɓallin da za a danna a soma daga farko.

Da safe na sauya igiya, na sauya kafa,
duk mai gadi ɗaya ne, duk barci ɗaya.
Na tone buhun gawarwakin da ke ƙarƙashin tebur
na samo wani kati, ƙura har wuya,
na hure shi, na soka, na mai da faifan hannunsa.
Tsohon mai gadi na sallame shi ba tare da faɗa ba.

Kwana biyu ina ɗora mata kaya,
hotunan biki, takardun fili, sunayen ƴan lakkwal.
Fitila na ƙiftawa. Ban taɓa son ƙiftawar ido haka ba.

Cima ta ce, "Me ya same ta?"
Na ce, "Ɗan aike." Ta biya, ta rage dala ɗari, ta tafi.

Da magariba na zauna gefen Baba.
"Mutari, miƙo mini..."
Buta na gabana. Ban taɓa ta ba.
Na jira.