Murjani Mai Baki

Murjanin da na sani tun ina ƙarama
shi ne na wuyan Goggo Ladingo:
ja wur, an huda, an zura a zare,
ba ya ci, ba ya sha, sai dai a gada.

Wannan kuwa a leda Akanni ya miƙo shi
a shagonsa na Ikeja, ruwa na ɗiga,
ya ce, "Madam, dutse ne, amma yana jin yunwa."
Na rungumo shi a danfo har Agege,
ina kare shi daga gwiwar jama'a.

Sati guda yana ƙasan tankin gilashi
kamar saƙar zuma da ta daskare.
Sallau ya leƙa, ya ce, "Barira, nawa kika ce?"
Na rage rabin kuɗin, duk da haka ya yi salati.

To, wane iri ne? Akanni bai sani ba,
wai sunan na jikin kwali, kwalin kuma ya jiƙe.
Na sa tabarau, na haska tocila,
ramuka ne, kore a tsakiya, gefe ruwan ƙasa.
Masu kiwonsa sun ce a duba bango:
in kowane rami da nasa, dangi ɗaya ke nan,
in biyu sun haɗa, wani dangin ne daban.
Na duba. Bango ɗaya tsakanin maƙwabta,
irin hayar da muka fara zama a Mushin,
Iya Bose ta yi tari a ɗakinta
mu ce mata sannu daga kan gado.
Na ce, na gane ka, ɗan Legas.

Ba ya cin abinci da rana.
Sai bayan isha'i, na kashe fitila,
na kashe famfo, ruwa ya kwanta.
Jatan lande na Oyingbo, ɗan mitsitsi,
na daka shi lilis, na dama da ruwan tankin,
na zuƙa a sirinji marar allura,
hannun da ya wuni yana neman jijiya a asibiti.
Ɗigo ɗaya tukuna, don ya ji ƙamshi.
Jira.
Sai ga dutse ya kumbura,
ga yatsu sirara kamar gashin masara
suna laluben duhu, suna kamawa,
suna kaiwa baki a hankali, a hankali,
baki goma sha tara, na ƙirga sau uku.

Akwai wani kifi mai zane a wuya,
yara sun raɗa masa Ɗan Kamasho,
bai yi aikin komai ba, shi ne farkon karɓa.
Na yanke gindin gora na kifa a kan murjanin
har ya haɗiye lomarsa.

Na taɓa cika hannu, irin na uwa,
ruwa ya yi dishi-dishi, gansakuka ta hau gilashi.
Yanzu Litinin da Alhamis kawai,
sauran kwanaki haske ya ishe shi.

Daren da wuta ta kwana uku ba ta dawo ba,
batir ya mutu, janareto ya ƙi tashi,
zafi ya sauko kamar murfin tukunya.
Ni ina juya ruwan da ludayi,
Sallau, mai salatin nan,
ya fita ƙarfe biyu neman ƙanƙarar leda,
ya dawo yana haki: "Yana da rai dai ko?"
Gefe ɗaya ya yi fari fat.
Sai da aka yi wata biyu launin ya dawo.

Jiya na ƙirga, ashirin.
Ɗaya ya rabu biyu ban sani ba.
Na buɗe durowa na ɗauko na Goggo,
na juya ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin tocila
ina neman inda bakinsu yake
kafin a goge shi.