Rabon Ruwa a Gyallesu

Hantsi bai gama ɗagawa ba
rufin kwano ya fara ƙas-ƙas, kamar tsoho na miƙa.
Bazara ce. Ko iskar da ta taso daga Kufena
sai ta biya ta maƙera kafin ta iso mana.

Jarka biyu na saya wurin ɗan garuwa,
ya ce famfo ya yi yaji, kuɗi ya hau.
Ɗaya ta girki ce da alwala.
Ɗayar tana da masu ita,
waɗanda ba su da bakin cewa ƙishi.

Ƙyalla ta fi ni sanin gidan nan.
Ta bar tabarma, ta bar kujerar Inna,
ta manna cikinta a gindin randa
inda ƙasa ke tsattsafo da sanyi.
Ba na korar ta. Kasko nake tura mata,
in sake ruwan sau uku kafin la'asar,
don ruwan da ya wuni a rana
ko kyanwa ta san shayi ne ba sukari.

Zomayen Tanimu ne suka raba ni da barcin rana.
Ya tafi karatu, ya bar mini su amana.
Bara, a irin wannan wata,
farar ta miƙe, kunnuwa jajur,
numfashi sama-sama.
Na ɗauka hutawa take.
Kafin in dawo daga cefane a Tudun Wada
ta sandare.
Ban iya faɗa masa ba sai bayan salla.

Bana na ja akurkin ƙarƙashin darbejiya,
na jiƙa buhun algarara na yafa a kai,
na bar gefe guda don iska ta ratsa.
Latas da ɓawon kankana tun da sassafe,
kafin rana ta sa su yaushi.
Tattabaru kuwa, kwano mai faɗi ya ishe su:
su sha, su yi wanka, su ɓata, in sake.

Sai Duna, karen Baba Jatau na bayan katanga.
Jiya da azahar na ji sarƙa na jan siminti.
Na leƙa. Harshe a waje,
ya ɗaga wannan ƙafa, ya sauke, ya ɗaga waccan.
Na ce, Baba, ɗora tafin hannunka nan.
Ya ɗora. Ban ƙirga biyar ba ya janye.
Ya dube ni, ya dubi karen,
bai ce uffan ba, ya kwance sarƙar
ya ja shi inuwar mangwaro.
Yau ina jin shi yana cire masa kaska,
yana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa kamar jika.

Inna ta ce, "Ke da dabbobin nan!
Ruwan nan fa da kuɗi ake sayo shi."
Ban tanka ba.
Amma bayan isha, da aka ɗauke wuta,
na gan ta a duhu, ta sunkuya,
tana tsiyaye ragowar butarta a kaskon Ƙyalla.

Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi walƙiya biyu,
ya watse bai ba mu ko ɗigo ba.
Na girgiza jarkar, da saura kaɗan.
Na je na sake jiƙa buhun.