Rajistar Asibitin Pitowa

Wata huɗu ke nan
kuɗin Yawunde bai sauko ba.
Ni ke riƙe da rajista, ni ke riƙe da hatimi,
don haka ni ake harara.

Asta Wabi ta zo da katinta ƙunshe a leda.
Tun cikin yana wata uku ta yanke shi,
aka ce ya ɗauke mata awo, ya ɗauke haihuwa.
Na juya katin, na sake juyawa.
Kantar magani a bayana
ba komai sai auduga da ƙadangare.

Rediyon mai gadi na cewa
'yan majalisar yanki sun zauna a Garwa:
a yanko daga harajin kara,
a toshe ramin kafin na sama su waiwayo.
Wani ya miƙe ya ce ba huruminsu ba ne.
Wani ya ce a kafa kwamiti.
An ɗage zama sai Talata.

Naƙuda ba ta san Talata ba.

Hamajoda ya jinginar da babur wurin mai kemis,
ya dawo a ƙafa
da ledar ruwa biyu da allurar tsai da jini.
Dudu ungozoma ta kama fitilar waya da haƙori.
Ana kiran assalatu
yarinya ta tsala kuka.

Na buɗe rajista.
Gurbin suna na cika da biro,
gurbin nauyi ma haka.
Gurbin wanda ya biya
da fensir na rubuta,
ko Talata za ta zo da magogi.