Kwali Huɗu a Ƙarƙashin Gado

Tanimu, zauna, shayin bai huce ba.
Ka ga kwalayen can ƙarƙashin gado?
Littafina na fari ne, kwafi dubu,
babur ɗina na sayar na buga shi.
Shekara tara, ɗari da sittin suka fita.
Saura gara ke karantawa, ba ta biya.

Kai buga ɗari biyu,
ka ji ko kasuwa za ta amsa sallama.
Kar ka bar rumfarka ta Farin Gada,
kuɗin tumatir ke sayen takarda.

Kakanka kuza ya haƙa a Bukuru,
bai taɓa kai ta ma'auni da ƙasarta ba.
Wanke labarin nan.
Ba wanda ba ya jin kunyarka ya duba.
Babi na uku ya yi tsawo, kai ma ka sani.

In maɗaba'a ta miƙo yarjejeniya
kar ka sa hannu a tsaye.
Kai ta gida ta kwana. Nemi layin da ya ce
shekara nawa, kaso nawa, na wa ne in ya zama fim.
Mai cewa "kawo kuɗi in sa ka shahara,"
gaishe shi, ka dafe aljihu.

Mai shagon Taminus zai ce sai an sayar.
Ya rubuta, da kwanan wata.
Alƙawari ranar Agusta ce a garin nan,
kafin ka shanya, ta shige gajimare.

Sannan ka fara na biyu tun yau da dare.
In za ka tafi ɗauki kwafi ɗaya.
A'a, ɗauki biyar,
gadon ya samu ya numfasa.