Lemon da Ba A Sha

A Reggio, cikin Agusta, rana ta take tsaka,
kwalta na kama takalmi,
teku ma ya kwanta kamar mai zazzaɓi.
Demetrio ya gama yi min aski,
ya ɗiga turare a tafinsa,
ya ɗan mare ni a ƙeya, tas!

Sai sanyi.
Kamar an ɓare lemo a cikin kaina,
ɗaci-ɗaci, ɗanye shar,
can ƙasa wani fure mai kunya.

Na san lemon nan.
Bargamot ne, ba a shan sa,
ko akuya kallo ɗaya take masa ta wuce.
Kakata Fortunata shekara talatin ta yi
tana matse ɓawonsa cikin soso
a sanyin Janairu, yatsu duk sun tsage,
don wani ya ji daɗi ranar zafi.
In ta shafa kaina, ƙamshin hannunta ke nan.

Kafin in kai tasha ya gudu,
saura gumi da gishirin teku.
Dama Demetrio ya ce na gasken haka yake,
gaisuwa yake zuwa, ba kwana ba.

Na bar jirgin ya tafi.
Na koma na ce ya ƙara min.