Keken Da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Shekara arba'in da ɗaya ina taka keken ɗinki
a shagona na Tudun Wada, daura da mai gyaran agogo.
Ido na bin allura, ƙafa na aikinta,
ban taɓa tambaya ba ko ta gaji, ita gwiwa.

Sai wata Laraba, a raka'a ta biyu ta Azahar,
na kai goshi ƙasa lafiya lau,
tasowa ta gagara.
Liman ya yi kabbara, sahu ya miƙe ya bar ni
kamar buhun da aka manta a kasuwa.

Na sha sassaƙe, na sha saiwa mai ɗaci,
wanzami ya kafa ƙaho har sau uku.
Gambo ta gasa ta da tsumma da ruwan zafi
har fatar ta koma gindin tukunya.
Da dare ta riƙa ƙas-ƙas kamar tsohon ƙyaure,
ni da ita babu barci, sai juyawa.

Ɗana ya ce, "Baba, Shika za mu."
Na ce, "Yanka ni za su yi."
Muka wuce Kwangila, muka wuce Samaru cikin bas,
kowane ramin titi sai ya tsaya sun gaisa da gwiwa.

Ashe babu wuƙa.
Wani yaro ne, Shamwilu, gemunsa bai gama haɗuwa ba,
ya durƙusa gabana, abinka da mai abin durƙuso,
ya danna nan, ya danna can, ya ce, "Ina ne?"
Na ce, "Ko'ina."
Ya ce, "Baba, ba mutuwa ta yi ba.
Naman cinya ne ya kwanta ya sakar mata kaya,
ita kaɗai ke dako ba hutawa."

Ya naɗe tawul ya cusa ƙarƙashinta.
"Danna. Miƙe ƙafa. Ɗaga. Riƙe. Ƙirga goma."
Ni da na aurar da 'ya'ya bakwai
yau ni ake koya wa ƙirga goma!
A huɗu na yi murmushi,
a shida gumi ya karyo,
a takwas na kama salati,
tara da goma kuwa shi ya ƙarasa mini, ina jin su daga nesa
kamar kiran sallar wata unguwa.

A gida jikata Nusaiba ta karɓi aikin ƙirga.
Ba ta da ragi ko na sisi.
In na sauke a bakwai sai ta ce, "Sake!"
Na taɓa ba ta alewa ta yi shiru,
ta shanye, ta kai ƙara wurin Gambo da dawowa.

Sati na biyar ya kai ni kusurwa
wurin wani keke, ba taya, ba ƙararrawa.
Na ce, "Ina zai kai ni?"
Ya ce, "Ba ko'ina."
Na yi dariya har da tari.
Yaro, ai wannan sana'ata ce!
Na taka keke tun ba a haifi uwarka ba
ban gusa ko taku ɗaya daga bakin taga ba,
amma da shi na yi gida, da shi na je Makka,
da shi aka yi duk wata rayuwa.

Na hau. Ta yi ƙara, ta yi gunaguni,
sannan ta tuna.

Ba zan ce na warke ba.
In hadari ya haɗu ta gabas, ita ke fara sanar da ni.
Har yanzu da kujerata a gefen sahu,
kuma matakalar masallaci uku ce, na san kowace da suna.
Amma daren jiya, kowa na barci,
na kai goshi ƙasa a ɗakina,
na daɗe, don mun daɗe ba mu haɗu ba,
na dafa bango,
na tashi.
Ba wanda ya gani, ban kuma tashi kowa ba don shaidawa.

Gobe Alhamis, ranar Shika.
Na ga aljihun farar rigar Shamwilu ya fara warwarewa,
wata guda ke nan yana yi mini ciwo a ido.
Na sa zare da allura a hula.
Shi ya zauna ya ƙirga goma,
ya ga yadda ake ɗinkewa.