Takalman Sajan Cindo

A Farin Gada,
kafin motocin dankali su sauko daga Bokkos,
lokacin da sanyi ke tauna yatsun mutum ɗaya bayan ɗaya,
Sajan Cindo ya riga ya tashi.
Yana zaune a kan kifaffen kwando
yana goge takalmansa na soja,
takalman da suka girme ni.

Na ce, “Baba, wa zai duba ka?
Tumatir fa kake wa gadi.”
Bai ɗago ba.
Ya ce, “Ni zan duba ni.
Lakar da ta kwana a takalmi,
gobe hanyar zuciya take tambaya.”

Mu yaran gareji mun roƙe shi labarin yaƙi har mun gaji.
Mutum nawa ka harbe?
Sai ya tona garwashi da tsinke, ya daɗe yana tonawa.
“Ku tambaye ni nawa na ɗauko a kafaɗa.
Wannan lissafin na riƙe.
Bakwai ne.
Biyu sun rayu.”

Tsoro fa?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
“Ni da shi gida ɗaya muke.
Ɗan haya ne, ka ba shi ɗaki,
amma kada ka ba shi makullin ƙofa.”

Sai ranar da hayaƙi ya tashi a gari,
kowa na gudu da takalmi ɗaya,
jita-jita ta riga iska isowa kasuwa.
Kaneng mai kabeji ta shige rumbun albasa
da ’ya’yanta biyu, ƙaramin na shan nono.
Matasa suka zo.
Ba zan ɓoye ba:
ina cikinsu,
da ƙarfen kwance taya a hannuna,
jinina na tafasa a kan maganar da ban ji da kunnena ba.

Ya tsaya a bakin rumbun,
hannuwa a baya kamar ranar fareti,
ba sanda, ba wuƙa,
sai takalman nan suna ƙyalli.
Bai yi tsawa ba.
Da sunan iyayenmu mata ya riƙa kiranmu:
“Ɗan Asabe, ajiye.
Ɗan Kande, tsohuwarka na nemanka.
Kai kuma, Ɗanlami,
ka karya kumallo kuwa yau?”

Ban san lokacin da ƙarfen ya faɗi ba,
ƙararsa kawai na ji a kan siminti.

Da daddare na same shi hannunsa na rawa,
shayi na zuba a gefen kofi.
Ya ga na gani.
Ya ce, “Ɗan hayar nan ne. Sai yanzu ya fito.”
Can kuma:
“Zare takobi, wawa ma ya iya.
Mayar da shi kube ne aikin maza.”

Ya rasu da damina, ranar da aka yi ƙanƙara,
yana jiran fanshon da bai zo ba.
Abin da ya bari: buta, bargo,
ɗan littafin basussuka, kowane layi an soke shi,
da takalman.
Kaneng ta zo gaisuwa, ta zauna nesa kaɗan, ta wuni.

Sun yi mini yawa.
Sai na cusa takarda a gaba.

Nawa yaƙin ba bindiga a ciki:
mai mota yana zagina a gaban yarana,
kuɗin haya ya zo, aljihu ba ko sisi,
’yata na zazzaɓi a asibiti, ina zaune a benci har asuba.
Wani lokaci harshena na zare kansa
sai na kama shi a rabin hanya.
Wani lokaci kuma ba na kama shi.

Amma kullum kafin kiran sallar farko,
sanyi na tauna yatsuna,
nakan kifa kwando, in zauna,
in ɗauko burushi.